Waƙar da Garzali Bai Sa wa Lamba Ba

Aikin Garzali a Kara, kasuwar shanu ta Wudil, shi ne sa wa shanu lamba. Ranar Juma'a, da an gama ciniki an ce Allah ya sa albarka, dillali zai ƙwala masa kira, ya zo da gwangwanin fenti da ɗan karansa mai tsumma a baki, ya rubuta haruffan mai saye a gadon bayan dabbar ko a cinya, don kada dukiyar wani ta shiga ta wani idan an sauke su a Kudu. Karatunsa bai wuce firamare ba, amma hannunsa yana da kyau, ko saniya tana tirjiya harafinsa ba ya karkacewa. Da damina yana komawa Lajawa, inda aka haife shi, ya noma 'yar gonar da mahaifinsa Malam Ubaidullah ya bari. Sauran ranakun Allah kuwa a kan benci yake cinye su, a gaban shagon abokinsa Maikano da ke bakin tasha, inda ake cajin waya ana tura wa mutane waƙoƙi da finafinai a memori.

Abu biyu aka san shi da su a Wudil: jan fenti a gefen farce, da waƙar da ya yi shekara da shekaru yana cewa zai saki.

Shekarar da soja suka miƙa mulki yana saurayi. A idonsa 'yan siyasa suka fara yawo da lasifika a kan mota, kowane ɗan takara, ko na kansila ne, da waƙarsa. A idonsa sa'anninsa, waɗanda jiya suke tura baro tare, suka shiga Kano suka dawo da kaset da sunan mawaƙi. Shi bai bi ba. Ya ce shi ba maroƙi ba ne, tasa waƙar ta zuciya ce, kuma guda ce tak. Ko sunanta bai taɓa faɗa wa kowa ba. In aka ce ya ɗan rera, sai ya girgiza kai.

"Ba a nuna amarya kafin a kai ta. In ta fito za ku ji."

Zamanin kaset ya ce yana jiran faifai, kaset yana cin murya. Da faifai ya zo ya ce masu situdiyon Kano ɓarayi ne, ka rera yau gobe ka ji ta a bakin wani. Da memori ya kashe faifai ya ce to yanzu kam waƙa ta zama gyaɗa, a tasha ake auna ta. Kowane dalili nasa yana da ƙafa, shi ya sa ya daɗe a tsaye a kansu. Amma mutanen gari ba sa jiran dalili. A hankali maganar ta zama karin magana. In mai gyaran babur ya ce ka dawo jibi, sai ka ce masa, "Jibin gaske, ko na waƙar Garzali?" In aka tambayi yaushe za a kawo wuta, wani zai ce ranar da Garzali ya saki waƙa. Shi kansa dariya yake in an faɗa a gabansa, kuma ba ta ƙona shi yadda ake zato. Mutumin da bai saki waƙa ba mawaƙi ne da duniya ba ta ji ba tukuna. Kujera ce mai daɗin zama, ba wanda zai iya sauke ka daga kanta.

Mutum ɗaya ne ya taɓa jin waƙar, matarsa Mas'uda. Ita ma ta bayan katangar banɗaki take ji, in ya dawo daga kasuwa yana kankare fenti, murya ƙasa-ƙasa:

Kogi ya cika ya kawo,
amma ba ruwan bara ba ne.
Na tsaya a inda muka tsaya,
ƙafata kaɗai ta san wurin.

Ba ta taɓa tambayarsa da wa suka tsaya ba. Ta san dai ba da ita ba ne, don ita a zauren gidansu a Achika ya yi zance da ita.

Abu biyu suka taru suka rushe masa zaman lafiya. Na farko, wani matashi mai suna Ƙasimu, da ya gama jami'a aiki bai samu ba, ya buɗe situdiyo a Sabon Gari, layi ɗaya da gidan da Garzali yake haya. Ya lilliƙa kwalin ƙwai a bango, ya sa kwamfuta da fiyano da makirufo. Kano ta zo har ƙofar gida, ba sauran dalili. Na biyu, Mas'uda ta je suna, aka daɗe ba a kawo abinci ba, sai wata baƙuwa da ba ta san ta ba ta ce, "Wannan tuwon fa waƙar Garzali ne." Wata daga cikin matan ta fashe da dariya, sauran suka bi.

Ta dawo ta ninke mayafinta, ta zuba masa abinci, sai da ya kai loma ta faɗa masa.

"To ai wasa ne," ya ce.

"Na sani, Baban Afra. Ni ma na yi dariyar. Me zan yi in ban yi ba?"

"Mutanen garin nan ba su da aiki."

"Ka yi ta ko ka bar ta. In ka bar ta, ka ce ka bari, kowa ya huta. Ni ce nake shiga cikin mata, ba kai ba."

Wata Litinin da hantsi ya shiga wurin Ƙasimu, bayan ya duba layin hagu da dama. Suka gaisa, aka tambayi iyali da aiki da zafi. Sharaɗi ɗaya ya kafa, kada kowa ya ji daga bakin Ƙasimu. Matashin ya haɗa kiɗan a fiyano, ya ɗora masa abin ji a kunne, ya rufe shi a ɗan akurkin da ake rerawa. Garzali ya rufe ido ya rera Ruwan Bara daga farko har ƙarshe, karo na farko da murya a sake. Da ya fito ya tarar da Ƙasimu yana sosa ƙeya yana kallon kwamfuta.

"Yaya Garzali, baitocin nan fa sun haɗu. Wallahi sun haɗu."

"Muryar fa?"

"Muryar... za mu wanke ta. Ai kowa wanke masa ake yi."

"Ka san irin ta Ɗantani?"

Isyaku Ɗantani shi ne mawaƙin da a shekarun nan ba a biki a ƙasar Kano ba a sa shi ba. Siririyar murya gare shi mai rawa a ƙarshen baiti, rabi tasa rabi ta na'ura.

"Irinta nake so. Ka matsa ta har ta kai can."

"Za ta kai. Amma fa ba za a gane ka ba."

"Kai dai matsa."

Ƙasimu ya kwashe kwanaki yana ja yana murɗawa. Da ya kunna masa gamammiyar, Garzali ya saurara har ƙarshe. Abin da yake ji a kansa tun yana saurayi ke nan. Bai ji kansa a ciki ba ko kaɗan, kuma wannan ne ya fi yi masa daɗi.

"Saura ambato," in ji Ƙasimu. "Na bar maka fili a ƙarshe. Ka ce ni ne Garzali na Lajawa, ɗan wane, ka gai da Wudil, in ka ga dama ka ɗan jefa sunan situdiyo. Kowa haka yake rufewa."

"Ni ba tallan kaina na zo ba."

"Ba talla ba ne, Yaya. Waƙa in ta fita daga nan ba ta tafiya da takarda. Abin da ke cikin bakinta shi ne nata."

"Waƙar kirki ita take nemo mai ita. Bar filin, kiɗa ya cinye shi."

Da aka zo ɗorawa a intanet ma haka aka yi. Ƙasimu ya buɗe masa shafi a Yutub da wani dandali da ake sauraron waƙoƙi, ya ce a kawo hoto. Garzali ya ba shi hoton kogi da ya ɗauka daga kan gada. Suna fa? Ya ce a sa Ɗan Bakin Kogi. Ƙasimu ya dube shi, ya rubuta haka. Ya danna, wani shuɗin layi ya ja jiki a hankali ya cika, shi ke nan. Abin da aka yi kusan shekara ashirin ana jira ya fita kafin shayin da suka zuba ya huce. Ƙasimu ya ce sai an yi ta tura wa mutane kafin su san tana nan. Garzali ya ce a'a, a bar ta ta yi tafiyarta. Duk da haka matashin bai iya haƙuri ba, kiɗan nasa ne yana so a ji, ya jefa ta a wani zaure na masu situdiyo a Was'af bai ce komai ba.

Garzali bai gaya wa kowa ba. Har Mas'uda cewa ya yi ana kan aiki. Ya sayi data, yana shiga shafin a ɓoye yana duba adadin waɗanda suka saurara. Adadin yana tafiyar hawainiya, kuma ya san yawancinsu shi ne. Ba wanda ya rubuta komai a ƙasa. Bayan 'yan makonni ya daina dubawa, ya koma bencinsa, ana tsokanarsa yana dariya kamar da. A ransa har wani sanyi yake ji. An gwada, ba a yi ba, kuma ba wanda ya gani. Ɗan Bakin Kogi ne ya faɗi, shi kuwa ba shi da fuska.

Wata Laraba da la'asar ya karyo kwanar tasha sai ya ji ta. Daga babbar lasifikar Maikano take fita, har mai shayi da 'yan kamasho suna gyaɗa kai.  Ya ƙarasa ya zauna a bakin benci.

"Ka zo a daidai," Maikano ya ce, yana zare memori daga kwamfuta yana miƙa wa wani direba. "Sabuwar Ɗantani. Jiya ta sauka a zaurenmu na masu turawa. Tun safe ba abin da nake turawa sai ita."

"Ta Ɗantani?"

"Ba ka ji muryar ba? Kai, mutumin nan ya iya abinsa. Ji nan, ji nan... ƙafata kaɗai ta san wurin. Ina ma laifin ka yi ko rabin wannan, mu huta da gori?"

Abin da ya faru ba wani sihiri ba ne. Wani mai turawa a Kano ya ci karo da waƙar, ya sauke ta, ya saurara har ƙarshe yana jiran mai ita ya faɗi sunansa, bai faɗa ba. Murya kuwa ta Ɗantani ce sak. Waƙar da ba suna ba ta sayuwa a tebur, sai ya rubuta mata sunan da ake saye. Daga wayarsa ta bi direbobi da 'yan kasuwa, ta kewayo ta dawo garin da aka haife ta a matsayin baƙuwa.

A ranar ya kamata Garzali ya miƙe ya ce tawa ce. Bai miƙe ba. Daga baya ya riƙa cewa mamaki ne ya ɗaure masa baki, amma mamaki ba ya kai wata guda. Zama ya yi yana sha. Yana jin masu lodin shanu suna rera baitinsa a kan mota, yana jin 'yan mata masu tallan awara suna amshi, yana jin Baba Gwadabe, tsohon direban da ba ya yabon kowa, yana cewa wanda ya rubuta wannan ya san rabuwa. Yabon da ake yi ba a san kana wurin ba ya fi kowanne zaƙi, don ba kara a cikinsa. Kuma yana so ya tabbata tukuna. Yana tsoron ranar da zai ce tawa ce, a ce af, ashe shi ya sa baiti na uku ya ɗan yi rauni.

Kafin ya gama tabbata, Ɗantani ya riga shi. Bai ce tasa ce ba, bai kuma ce ba tasa ba ce. An fara roƙonsa ita a wuraren biki, ya sa aka kunna, ya riƙe makirufo yana motsa baki, aka yi masa liƙi. Ba a jima ba ta bayyana a shafinsa da bidiyo, yana tafe a bakin wani ruwa cikin farar shadda.

Ranar da Maikano ya nuna wa majalisa bidiyon, Garzali ya yi gyaran murya.

"Waƙar nan fa tawa ce."

Ba wanda ya ji da farko. Ya sake faɗa.

"Wace?" in ji Maikano.

"Ruwan Bara. Ita ce wadda nake gaya muku. Ni na yi ta, a wurin Ƙasimu."

Baba Gwadabe ya dakata da taunar goro ya dube shi. Sannan dariya ta tashi, har direban da ke jiran caji, wanda bai san kan zancen ba, ya shiga ciki.

"Allah ya shirye ka, Garzali," in ji Baba Gwadabe. "Mun tsufa muna jira, ashe Ɗantani ka ba wa aro."

Ya ciro waya ya nuna musu shafin Ɗan Bakin Kogi, ya nuna ranar da aka ɗora, ta riga ta Ɗantani nesa. Maikano ya karɓa ya duba ya mayar masa.

"Irin waɗannan shafukan ai sun fi ƙuda yawa. Yaran situdiyo ne suke sace waƙa kafin ta fito su ɗora. Ina sunanka a nan? Ina fuskarka? Kogi ne ya yi waƙar?"

"Ku tambayi Ƙasimu."

"Ƙasimu da yake neman kasuwa? In ka ce masa shi ya haɗa taken ƙasa ma zai ce e." Maikano ya gyara zama, ya sassauta murya kamar mai lallashin mara lafiya. "Abokina, bari in gaya maka inda ƙaryar ta fashe. Kai ne fa ko ɗan maraƙi ba ka bari ya hau mota sai ka shafa masa fenti. Ranar nan har cikin tirela ka bi wata saniya don lambarta ta goge. Kai ne za ka saki waƙa ba suna? Wani dai, ba kai ba."

"To ya rera mana," wani ɗan kamasho ya ce. "Ga shi ga mu."

Garzali ya ce maƙogwaronsa ba daɗi. Ya tashi tun ba a kira magariba ba.

A gida ya tarar Mas'uda tana tankaɗe, waƙar tana fitowa daga gidan maƙwabta. Ya zauna a bakin ƙofa ya zayyana mata komai, har da ɓarayin Kano da rashin imanin Ɗantani.

"Na san taka ce," ta ce, ba ta ɗago ba. "Tun ranar da na fara ji a wayar maƙwabciyarmu Maman Safiyya."

"Kika yi shiru?"

"Kai ma shirun ka yi. Na ce ko akwai abin da kake jira."

"Ni kunya ce ta cuce ni. Ban iya yabon kai ba, ke ma kin sani."

Ta buga rariya a tafin hannu, ta ajiye.

"Baban Afra, ni fa ba majalisa ba ce. Ba kunya ba ce. Ƙofar baya ka bar wa kanka, in waƙar ta faɗi ka fice ba wanda ya gan ka. To ba ta faɗi ba. Wani ya ga ƙofa a buɗe ya shigo."



"Kuma ni ko daga barci aka tashe ni da waccan muryar ba zan ce mijina ne ba," ta ƙara. "Baitin na gane."

Washegari ya koma wurin Ƙasimu. Matashin ya ce shi a shirye yake ya faɗa ko a gaban wa, amma maganar mai ƙaramin situdiyo a Wudil ba ta kai ƙofar gidan Ɗantani ba, balle ta shiga. Ya ce ya taɓa rubutawa a ƙarƙashin bidiyon, masoyan Ɗantani suka yi masa ca, ya goge. Sannan ya juya ga kwamfuta.

"Akwai abu ɗaya dai. Ɗanyar tana nan."

"Wace ɗanya?"

"Muryarka kafin in wanke. Ita Ɗantani ba shi da ita, ba zai taɓa samu ba. Duk wanda ya san aiki, in ya ɗora ta a kan wankakkiyar zai ga numfashi ɗaya ne, inda ka tsaya nan ta tsaya. Shaida ce da ba ta da makawa. Sai dai..."

"Kunna."

"Yaya, ka tabbata?"

"Kunna mana."

Garzali bai taɓa jin muryarsa daga waje ba. A banɗaki, ruwa da katanga suna yi wa mutum kara. Abin da ya fito daga lasifikar Ƙasimu murya ce mai kauri, busasshiya, irin ta mai kora shanu, tana bin kiɗan a baya kamar wanda mota ta bari. A wurin ruwan bara, inda waƙar take hawa, muryar ta yunƙura za ta hau ta kasa, ta tsage biyu, ta fito da wani ƙara kamar ƙyauren da ya sha damina. Ƙasimu ya kafa ido a kan fiyano.

Sai a lokacin Garzali ya gane abin da ya daɗe da sani. Ba kaset ba ne, ba ɓarayin Kano ba ne. Wani abu a cikinsa ya san wannan muryar tun yana saurayi, ya yi ta kare shi daga jin ta.

Shaidar da za ta nuna waƙar tasa ce, ita ce za ta nuna bai iya waƙa ba. Ya ɗauki kwanaki yana juya wannan. Juma'a ta zo ya yi aikinsa, masu lodi suna ta rera baitinsa da sunan wani. Abin da ya karya shi ƙarami ne. Ya ji 'yarsa Afra tana wanke-wanke tana rerawa, ya tambaye ta waƙar wa ce, ta ce ta Ɗantani mana, Baba.

Wannan karon bai bar ƙofa ba. Ya sa hularsa ta Sallah, ya zauna a gaban kwalayen ƙwai, Ƙasimu ya riƙe waya.

"Sunana Garzali Ubaidullah, mutumin Lajawa, mazaunin Sabon Garin Wudil. Ni nake sa wa shanu lamba a Kara. Waƙar Ruwan Bara tawa ce, ni na rubuta, ni na rera. Ga asalin muryar kafin na'ura ta taɓa ta. Masu ilmin abin su gwada su gani."

Aka kunna ɗanyar, yana zaune yana kallon waya ko ƙiftawa ba ya yi. Suka ɗora a Fesbuk da Tiktok da duk inda ake ɗorawa, da cikakken suna.

Ta tafi. Ta yi gudun da Ɗan Bakin Kogi bai taɓa mafarki ba. Sai dai ba wanda ya gwada numfashi da numfashi. Wani ya datse jawabin, ya bar sunan da wurin da muryar ta tsage, ya rubuta a sama wai ɗan Wudil ya yi wa waƙar Ɗantani kisan gilla. Wani ya haɗa da hoton jaki yana kuka. 'Yan mata suka riƙa ɗaukar kansu suna motsa baki, in an zo wurin tsagewar su dafe ƙirji su faɗa kan katifa. Ɗalibai suka mai da ita sautin kiran waya. 'Yan kaɗan sun rubuta cewa a bincika, mai yiwuwa bawan Allah nan gaskiya yake faɗa, amma maganarsu ta nutse. Ɗantani da aka tambaye shi a wani shiri, murmushi ya yi ya ce Allah ya bar ƙauna, masoya iri-iri ne.

Maikano ya sa ta a jerin barkwanci, yana turawa tare da ta Ɗantani, biyu a haɗe.

"Ka ga yanzu ka yi suna," ya ce masa wata rana da majalisa ta watse. "Wallahi har daga Gaya ake zuwa ana tambayar ta Garzali. Da na san haka muryarka take, da tuni mun huta."

"Maikano, tsakaninka da Allah, ba ka yarda tawa ce ba?"

Maikano ya shiga goge gilashin wata waya da gefen riga.

"In ma taka ce, to me? Wa zai ce in tura masa Ruwan Bara ta mai fenti? Ka bar wa mai ita... ka bar masa waccan, ka riƙe wannan. Wannan kam ba mai ƙwace maka."

Tsohuwar karin maganar gari ta mutu, ba a ƙara cewa sai ranar da Garzali ya saki waƙa. A Kara, dillalai ba sa barinsa ya buɗe gwangwani sai ya yi musu ruwan bara. Da farko yana ɗaure fuska. Daga baya ya yi sau ɗaya don a ƙyale shi. Kasuwa ta ɗauka, masu shanu suna riƙe ciki, masu lodi suka sauko daga kan mota. Ya tsinci kansa a tsakiya, fenti yana ɗiga masa a ƙafa, mutane sun kewaye shi, duk ido a kansa, suna jiran baiti na gaba. Bai taɓa samun haka ba tun da yake. Ya ba su baiti na gaba.

Mas'uda ta daina zuwa suna da biki. Ba ta yi masa gori ba. Da ya ce mata ai ko ba komai yanzu an san sunansa, kuma wata rana mai hankali zai bincika, ta ce Allah ya kawo mai hankalin, ta ci gaba da tsintar shinkafa.

Yanzu samari masu Tiktok suna zuwa daga Kano takanas, su ɗauke shi zuwa bakin kogi, su tsayar da shi inda gada za ta fito a bayansa. Yawan rerawa ya fara gyara masa murya. Abin da shekarun ɓuya ba su yi masa ba, watannin dariya sun yi. Wata Asabar wasu su biyu suka zo da waya a kan sanda. Ya gyara hula, ya faɗi sunansa da garinsu, ya ɗauko waƙar. Da ya zo wurin hawan, muryar ta hau. Ba ta yi zaƙin ta Ɗantani ba, amma ta hau, ta tsaya cak a inda ya kamata, ta sauko lafiya. Masu wanki a ƙasa ko ɗagowa ba su yi ba.

Samarin suka dubi juna. Mai riƙe da sandar ya sauke hannu.

"Baba, ba haka kake yi ba fa."

Garzali ya share baki da bayan hannu.

"Na sani," ya ce. "Kuskure ne. Goge, a sake."